Bayan an sha ruwa, yaya ake komawa nutso?



Wani ɗalibi daga Haɗeja ya rubuto mana. Ya ce tun yana firamare yake nutso a kogi, har abokai suka sa masa suna Tarwaɗa. A daminar bara ya nutsa, ciyawa ta sarƙe masa ƙafa, ya sha ruwa, sai da wani masunci ya ciro shi. Tun ranar, ko fuska ya tsoma a ruwa sai gabansa ya hau dukan uku-uku. Ga abokai sun sa shi gaba da tsiya.

Ƙanenmu, mu ma an taɓa ciro mu, kuma mun ji kunyar da kake ji. Amma tsoron nan yana da dalili. Ruwan da ke wucewa ta Haɗeja daga kogin Kano da na Challawa yake zuwa, kuma akwai madatsar Tiga da ta Challawa a sama. In an saki ruwa ko an yi mamako, wurin da jiya ke gwiwa yau sai ya shanye mutum. Ga ciyawar kacala da ta cika hanyoyin ruwa a fadama. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa ya san kogin ba abokin wasa ba ne.

To, ka bar damina ta wuce. In ruwa ya ja da rani, nemi babban da ya iya iyo, ya zaɓa maka wuri mai yashi inda ruwan bai wuce ƙugu ba, ya tsaya kusa da kai. Ban da kududdufi, can ake kwasar tsargiya. Ka tsoma fuska kawai, kana fitar da iska ta hanci a hankali har ka ji kumfa na tashi. Ƙirga biyar, ka ɗago. Ranar farko ke nan, ka tafi gida. Wata rana ka durƙusa ruwa ya rufe kanka. In gaba ya faɗi, miƙe tsaye, ƙasa tana nan ƙarƙashin ƙafarka.

Abin da ya fi damunmu shi ne gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa, don mun san da ita abokai za su ce ka wanke kanka. Kada ka shiga. Yara kan yi ta jan numfashi da sauri kafin su nutsa, wai su tara iska. Abin da hakan ke yi shi ne rage iskar kabon da ke cikin jini, alhali ita ce ke matsa wa mutum ya taso ya numfasa. Sai oksijin ya ƙare ba tare da jiki ya yi gargaɗi ba, mutum ya suma a ƙasa shiru, na sama suna ta ƙirge suna tafi. Gwanaye ma hakan kan ci su.

Mu dai sai da muka yi sati uku muna busa kumfa a ruwan ƙugu, ƙananan yara na yi mana dariya, kafin ranar da muka nutsa muka ɗebo yashi a hannu.