Zamfara: Sunan da Ya Girmi Labaran Rediyo

Ni ɗan Abare ne, cikin ƙasar Anka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a makarantar nan shi ne yadda wasu 'yan jiharmu, in an tambaye su gari, sai ka ji murya ta yi ƙasa. Dalili kuwa sananne ne: yau da an ce Zamfara, 'yan bindiga ake tunawa, da an ce Abare, sai a tuno gubar dalma ta 2010 da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duk sun faru, ba mai musu. Amma sunan nan ya girme su nesa ba kusa ba.

Tarihin baka ya ce asalinsa "mazan Fara" ne. Wai Fara 'yar Sarkin Gobir ce da ta gudo daga gidan miji ta ɓata a daji, maharba suka tsince ta, suka riƙe ta da mutunci. Daga nan aka riƙa kiran yankinsu ƙasar mazan Fara, har baki ya taƙaita shi zuwa Zamfara. Wani zai ce ai almara ce. To, ko da almara ce, dubi abin da kakanninmu suka zaɓa a san su da shi: karɓar baƙo da tsare amana.

Sunan ya sha wuya a baya ma. A ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa. Birni ya tafi, suna bai tafi ba. Sarautar ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka, inda har gobe ake cewa Sarkin Zamfara. Gulbin da ke shayar da fadamun Gummi ma sunan yake amsawa. Jiha kuwa a 1996 ta zo ta ara.

Don haka ina kira ga ƙungiyar ɗalibai: hutun nan kowa ya ɗauki wayarsa ya zauna gaban tsoffin garinsu, ya naɗo asalin sunan garin, mujallar nan ta riƙa bugawa. Ƙauyuka da yawa sun watse, tsoffi na ƙarewa a gudun hijira. In muka yi sake, abin da rediyo ta faɗa kaɗai jikokinmu za su gada.