Wa ya ce hawan keke abin kunya ne a Imanan?



Akwai wata ɗabi'a da ta shige mu a ƴan shekarun nan, kuma gara a faɗe ta a fili: mun raina keke. Saurayi ya gwammace ya ci bashi ya sayi moto, ko ya taka a ƙasa daga ƙauye har kasuwar Bonkuku, da a gan shi bisa keke. Magidanci in ya hau, sai ka ji ana "wane kam abin duniya ya ja baya". Ɗiya mace in ta hau, maganar da za a yi ta fi wannan ɗaci. Alhali iyayenmu sun san lokacin da mai Raleigh ko Phoenix shi ne ɗan gaye a gari, dokin ƙarfe ake ce da abin hawansa. Wanga raini asara yake jawo mana, kuma ina kira ga masu riƙe da komin da sarakunanmu su sa hannu a karya shi. Hanyar da nake gani mai sauƙi ce: a shirya zagayen keke sau ɗaya a shekara a Imanan, tsakanin dallol da tudu.

Kafin wani ya ce wasan nasara ne, bari mu ga inda abin ya samo asali. A jihar Kalifoniya ta Amurka, arewa da birnin San Faransisko, akwai wani tsauni a bakin teku mai suna Tamalpais, tsawonsa bai kai mita 800 ba. A shekarun 1970 wasu samari na yankin suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna masu faffaɗan taya, ƙirar shekarun 1930 da 1940, waɗanda ba mai so, suna gyara su suna gangarowa da su ta hanyoyin ƙasa. A watan Oktoba na 1976 suka fara wata tsere a gangaren da bai wuce kilomita uku da ɗan wani abu ba. Sun sa mata suna Repack, saboda zafin birki yana ƙone man da ke cikin cibiyar taya, dole a sake ɗura wani bayan kowace gangara. Daga cikinsu ne Joe Breeze ya ƙera keke na musamman don tsauni a 1977. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olimfik a Atlanta. Keken nan mai kauri da giya da muke ce wa VTT, wanda ake jibge na hannu a kasuwannin Yamai, jikan waɗancan tarkacen ne. Ku duba fa, ba minista aka jira ba, ba kuɗin ƙungiyar agaji aka jira ba. Samari ne da tsohon ƙarfe da tudu.

To mu wane tudu ne muka rasa? Teku ce kawai ba mu da ita. Dallol Boso tsohon kwarin kogi ne da ya gangaro daga Azawak, ya ratsa Filinge da Bonkuku da Baleyara har ya kai kogin Kwara. Tsakiyarsa rairayi ne da ruwa kusa, shi ya sa garaken dankalin turawa na Bonkuku suka yi suna har Yamai. Gefensa kuma jan dutse ne mai hawa, samansa fako mai tsakuwa. Mai son zagaye matsakaici, wanda ba zai kashe sabon shiga ba kuma ba zai ba gwani barci ba, ga shi nan Allah ya shimfiɗa: a tashi daga gari, a bi gefen garake, a hau tudu, a yi tafiya bisa fako, a gangaro ta wata hanya a dawo inda aka tashi. Kilomita 15 zuwa 20 sun isa ga manya, biyar ga yara. A yi shi da sanyi, Disamba ko Janairu, sa'ad da garake suke kore shar kuma rana ba ta da ƙarfi da safe.

Na san abin da za a ce: ana ta kai wa ke ta kaya? Mutane na fama da tsaro da tsadar hatsi, kai kana zancen tsere. Wannan magana tana da nauyi, amma ita ce ma hujjata. Tun 1 ga Janairu 2020 hukumomin jihar Tilaberi suka hana yawon moto saboda ƴan bindiga da shi suke kai hari. An ɗage dokar a 2021, ba a jima ba aka maido ta. Kowa ya ga abin da ya biyo baya: ƴan kabu-kabu sun zauna, mai kai mara lafiya likita ya koma amalanke, mai ɗan kayan miya ya rasa yadda zai kai kasuwa kafin ya yi yaushi. A watan Maris na 2025 kuma ƙarancin esansi ya buga ƙasar baki ɗaya, layi har ba a ganin ƙarshensa. Sau biyu ke nan duniya tana nuna mana cewa wanda ya jingina rayuwarsa duka a kan moto yana iya wayen gari a ƙasa. Keke ba ya shan esansi, ba ya jiran tanka ta zo daga Zinder. Tafiyar da ƙafa za ta ci awa biyu, a kan hanya mai tauri keke yana yin ta cikin minti arba'in ko ƙasa da haka, da buhu a baya. Garin da ke da kekuna da masu gyaransu ya fi jure irin waɗannan ranaku.

Wasu za su ce rairayin dallol da ƙaya ba sa barin keke. Gaskiya ne ga siririn keken birni. Amma VTT don irin wannan ƙasa aka yi shi. Faffaɗan taya, in an ɗan rage masa iska, yana shimfiɗuwa bisa rairayi maimakon ya nutse, ƙaramar giya kuma ita ke hawa tudu da kai ba tare da ka sauka ba. Tsidau da ƙayar aduwa kuwa maganinsu taya mai kauri da ɗan kwalin faci a aljihu. Matsalarmu ta gaskiya kayan gyara ce: sarƙa, wayar birki, tuyub, haƙoran giya. VTT na hannu da yawa suna kwance a zaure saboda wani ɗan ƙarfe ya lalace kuma sai an aika Yamai. Ɗan kasuwa ba zai kawo kaya ba sai ya ga masu saye, kuma ba abin da ke tara masu keke wuri guda ya nuna yawansu kamar ranar tsere.

Sai batun ɗiya mata, wanda shi ne ya fi damuna. Yarinya ta gama firamare a ƙauye, CEG yana nesa, iyaye ba su da gidan da za su ajiye ta a gari, shi ke nan karatu ya ƙare, sai maganar aure. A jihar Bihar ta Indiya sun yi fama da irin wannan. A 2006 gwamnatin jihar ta fara ba ƴan mata masu shiga sakandare kuɗin sayen keke. Masu binciken tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun auna sakamakon, suka samu shigar ƴan mata sakandare a kan shekarunsu ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari. Su ma can akwai masu cewa bai dace ba. Abin da ya kashe bakinsu shi ne ganin ƴan mata da yawa suna tafiya tare, har ido ya saba. Kuma ba sai mun je Indiya ba: duk wanda ya taɓa zuwa Wagadugu ya ga uwa da goyo da kaya bisa keke, da mutuncinta da lulluɓinta. Burkina tana gudanar da Tour du Faso tun 1987, keke a wurinsu abin alfahari ne. Biniam Girmay na Eritriya ya ci zango uku a Tour de France na 2024, a Satumban 2025 kuma Kigali ta karɓi gasar keke ta duniya, karon farko a Afirka. Raina kama ka ga gayya.

Maganar tsaro kuwa ba wanda ya ce a yi gaban kai. Ba baƙi muke gayyata daga waje ba, ba daji za a shiga ba. A nemi izinin prefe, a zauna da jami'an tsaro su ga hanyar ƙafa da ƙafa, a tashi da hantsi a gama kafin azahar, kusa da gari. In sun ce bana ba hali, a rage shi ya zama zagayen cikin gari. Yadda ake tara jama'a a filin kokowa da izini da tsari, haka za a yi wannan.

Ga abin da nake nema, kuma ba mai tsada a ciki. Komin ta fitar da hanya ta sa alama a kowace kwana, ta ajiye ruwan sha a wuri biyu ko uku. Ƙungiyoyin manoman dankali da ƴan kasuwa su sa kyauta, kyautar kuma ta zama keke ko taya, kada a raba kuɗi a cinye a shayi. A ware rukunin ƴan lakol, maza daban mata daban, da rukunin masu ɗaukar kaya, don a ga wa zai fara kai buhu. Ɗiyan Imanan da Kurfai da ke Yamai da Kwatano da Akara, kowa ya aiko da keke ɗaya na hannu a damƙa wa ɗalibar da gidansu ya fi nisa da CEG. A zaɓi samari kaɗan, musamman cikin waɗanda suka rasa kabu-kabu, a koya musu gyaran giya da birki, su samu sana'a.

Masu dariya su ci gaba da dariya, ba a hana su. Amma mai dariyar ya amsa mana tambaya ɗaya: ranar da aka sake cewa ba moto, ko esansi ya sake ɓacewa, da me zai kai matarsa awo? Ku tura wannan ga shugabannin komin da hakiman ƙauyukanku, ku gaya mana hanyar da kuke ganin ta fi dacewa da zagayen. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka.