KAFIN KA CE MATA ƘAZAMA, JARKA NAWA KA KAWO?

Akwai wata magana da muke yi a majalisa cikin raha, alhali ta kashe aure ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wai mace ma'aikaciya ba ta iya riƙe gida, in ka shiga gidanta sai ka toshe hanci. Na ji ta a bakin dattawa, na ji ta a bakin samari masu neman aure, har a bakin mata 'yan'uwansu na ji ta. Ni kam ban yarda da ita ba, kuma ga dalilina.

Mu ɗauki malamar firamare a nan Kanya Babba, ko ma'aikaciyar lafiya da aka tura asibiti a Babura ko wani ƙauye. Ta tashi da asuba, ta yi salla, ta hura wuta, ta dama koko, ta yi wa yara wanka. Ƙarfe bakwai da rabi tana bakin titi tana jiran abin hawa. Ta dawo bayan azahar a gajiye, ga kwanukan safe na jiran ta, ga abincin rana, ga yara za su Islamiyya, ga tuwon dare. Kuma kada a ɗauka masu albashi kaɗai nake nufi. Mai ƙuli-ƙuli, mai awara, mai keken ɗinki, da wadda ke sussuka da ɓarar gyaɗa da kaka, duk ma'aikata ne. Da hunturu ka share tsakar gida da safe, kafin la'asar ƙura ta mayar da shi yadda yake. Da damina kuma kwata ta cika, sauro ya samu gida.

To yanzu mu yi lissafi, don tsafta da ruwa ake yin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata, shi ma bai isa wanka da wanki yadda ya kamata ba. Gida mai mutum 8 ke nan lita 160, wato sama da jarka 6 mai lita 25, kullum ta Allah. Maigida, ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, jarka nawa kake saya wurin mai ga-ruwa? In jarka 3 ka ajiye ka fita, da wanne za a dafa, da wanne za a yi alwala, da wanne za a wanke masai da fo ɗin yara? Ka dawo da magariba kana yamutsa fuska, alhali rabin ƙazantar daga aljihunka ta fito.

Wannan fa ba maganar 'yan boko ba ce. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa ruwa da itace da mai da gishiri cikin ciyarwar da ke wuyan miji. Kuma ya tabbata daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa hidimar gida, in lokacin salla ya yi ya fita. Mu kuwa da zarar an ga namiji riƙe da tsintsiya sai a ce mijin-ta-ce, wai an shanye shi. Wannan girman kan daga ina muka samo shi?

Abin da ya sa na damu, lamarin ya wuce gori. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. A Oktoban 2022 aka ayyana jiharmu a matsayin ta farko a ƙasar nan da ta rabu da bahaya a fili, a dukkan ƙananan hukumomi 27. Mun yi murna, kuma ya dace. Amma masai da aka haƙa ba ya wanke kansa. In babu murfi, babu buta da sabulu ko toka a bakin ƙofa, ƙudan da ya fito daga can shi ne zai sauka a kwanon yaro. Ranar da yaro ya fara gudawa, ba ya tambayar aikin wane ne aka bari.

Wasu za su ce, to ta ajiye aikin mana ta zauna a ɗakinta. Madalla. Amma mu ne in matanmu za su haihu muke cewa lallai mace ce za ta duba su. Mu ne muke so mata su koyar da 'ya'yanmu mata. Waɗannan unguwarzoma da malamai ai matan wasu ne, uwayen wasu ne. Ban da haka, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, gida nawa ne albashi ɗaya ke riƙewa? Omo da sabulun da ake wankin ma, sau da yawa daga jakarta suke fitowa.

Dabarar da muka fi yi kuma ita ce mafi muni: a ɗora wa babbar 'ya mace. Yarinya 'yar shekara 11 ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce layin famfon tuƙa-tuƙa, yayyenta maza na can suna ƙwallo. Ta isa makaranta an gama darasin farko, gobe a ce ba ta da ƙoƙari. Ko a ɗauko ƙaramar yarinya daga ƙauye, ko almajiri, a ba shi ragowar tuwo. Uwa tana koyar da 'ya'yan wasu, 'yarta na rasa karatu saboda kwanuka. Haba jama'a!

Abin da nake gani mai sauƙi ne. Maigida ya ɗauki ruwa, kwata, kwashe shara zuwa juji da gyaran masai a matsayin nasa, kamar yadda ya ɗauki cefane. A cika randa da jarkoki tun dare, a rufe. Kowane yaro da ya kai shekara 7, namiji ko mace, ya wanke kwanonsa, ya naɗe tabarmarsa, a raba shara kwana-kwana. Babban wanki a bar shi ranar hutu, kowa ya sa hannu. Awaki da kaji a yi musu wurinsu nesa da murhu. Hannu da yawa, in ji Bahaushe, maganin ƙazamar miya.

Iyayenmu mata da yayyenmu, ku ma da naku. Ku daina ƙwace tsintsiya daga hannun ɗa namiji kuna cewa ba aikinsa ba ne, domin mijin wata kuke raino. In kin ga ɗanki na taya matarsa, Inna, ki sa masa albarka.

Ban ce babu malalaciya ba, akwai, kamar yadda akwai malalacin namiji. Amma kafin a yanke wa mace hukunci, a ƙirga ruwan da aka ba ta, da awannin da suka rage mata, da hannuwan da suka taya ta.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya kare mana zuri'a. Amin.