Ina Imel Ɗinka Yake Kwana?



Makon jiya wani abokin cinikina ya kira ni daga Kwatano hankali a tashe. Kwantenarsa ta iso tasha, ejan yana neman takardar farashin kaya da mutumin Caina ya turo ta imel. Ya buɗe wayarsa, wayam. Ashe yaron shagonsa na Kano ya haɗa imel ɗin kamfanin da kwamfutar shago, ita kuwa ta kwashe saƙon ta ajiye a cikinta. Sai da aka jira Litinin aka buɗe shago, ga kuɗin jinkiri yana hawa.

Don kada irin haka ta same ka, ga abin da ya kamata ka sani. Duk saƙon da aka turo maka, wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ya ba ka adireshi yake fara sauka, ana ce mata saba. Hanyoyin ɗauko shi daga can uku ne.

Ta farko ita ce POP3. Tamkar ka aiki yaro gidan waya ne ya kwaso wasiƙu, ya bar akwati fanko. Saƙo ya koma na'ura ɗaya, sai fa in ka zaɓi a bar kwafi a saba. Idan aka sace kwamfutar ko ta lalace, shi ke nan. Wannan ce ta ci abokina.

Ta biyu IMAP. A nan saƙo yana zaune a saba kamar kaya a sito. Kai a Lome, Hajiya a gida, yaro a shago, abu ɗaya kuke gani. Ka sayi sabuwar waya, ka sa adireshi da kalmar sirri, komai ya dawo. Amma fa a kula: wanda ya goge saƙo a waya ɗaya ya goge wa kowa.

Ta uku, ka shiga shafin kamfanin kai tsaye ta intanet, kamar Gmail ko Yahoo. Ba abin da ke sauka a na'ura. In a kafe ka yi, don Allah ka fita daga akwatinka kafin ka tashi.

Ga mai yawon ƙasashe, shawarata IMAP. Ka ce wa mai saita maka waya ya nuna maka lambar da ya sa: 993 ta IMAP ce mai tsaro, 995 kuwa ta POP3 ce. Ka gan ta, ka ce a canza.

Sai ka riƙa leƙa sitonka. Gmail kyauta yana ba da gigabait 15, kuma hotunan da ka ajiye a Google suna ci daga ciki. In ya cika, sabon saƙo ba ya shigowa, kai kana ta zargin dila bai turo ba. Takardu masu muhimmanci kuma, ka sauke kwafinsu a waya tun kana da sabis, domin a boda ba kullum ake samu ba.

Alhaji, duba saitin nan yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.