Ɗakunan taron matasa a Birnin Kudu da Gwaram: wa zai riƙe mabuɗi?

A ƙidayar jama'a ta 2006, Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu ta haura mutum 300,000, Gwaram kuma ta haura 270,000. Daga wancan lokaci zuwa yau an haifi waɗanda suka isa kaɗa ƙuri'a, kuma ko ba a sake ƙirga kowa ba, wanda ya shiga kasuwar Sara ko ya tsaya a tashar Birnin Kudu ya san matasa ne suka fi yawa. Waɗannan matasa suna da ƙungiyoyi: na ƙwallo, na ɗalibai, na 'yan sintiri, na wasan kwaikwayo, na masu sana'a, na ci gaban unguwa. Abin da yawancinsu ba su da shi shi ne wurin zama nasu. Taro sai a ajin firamare bayan an tashi, ko a gindin bishiya, ko a bencin mai shayi. In abin ya girma, a rubuta takardar roƙo zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma a jira amsa.

Ba rashin gini ne kaɗai ya jawo haka ba. A garuruwan Arewa da dama an gina ɗakunan taro, wani ƙaramar hukuma ta yi, wani aikin mazaɓa ne na ɗan majalisa, wani kuma ƙungiyar ci gaban gari ce ta tara kuɗi ta ɗora. Yadda suke mutuwa kusan iri ɗaya ne, kuma duk mun sha gani. Iskar farkon damina ta ɗage fallen kwano ɗaya. Babu wanda aikinsa ne ya hau ya buga ƙusa. Ruwa ya sami hanya ya jiƙa silin, silin ya kumbura ya rufto, gara ta kama katako, jemagu su tare. Kujerun roba an ara don biki, rabi sun dawo, rabi ba labari. Wata rana a wayi gari an zare wayar wuta. Banɗaki ya toshe, sai a sa masa kwaɗo a manta. Kafin a ankara, gyaran da kafinta ɗaya zai gama da hantsi ya zama aikin kwangila. Sai zaɓe ya ƙarato, a ba da kwangilar, a shafa fenti, a kafa allo da sunan wanda ya ɗauki nauyi, a yi jawabi, a watse. Damina biyu ko uku a koma gidan jiya.

Wannan jarida tana goyon bayan a gyara duk ɗakin taron da matasa ke amfani da shi a Birnin Kudu da Gwaram, a kuma gina inda babu. Amma muna ganin bai kamata a kashe ko sisi ba sai an fara amsa tambayar da ake tsallakewa kullum: ranar da ɗan kwangila ya tattara kayansa, a hannun wa mabuɗi zai kwana, kuma daga wane aljihu za a sayi ƙusar farko?

Kakanninmu ba su da wannan matsala, domin ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, magidanci yakan duba soronsa, a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a gyara indararo, a sauya azarar da ta ci. Zauren mai gari da masallacin unguwa kuwa da gayya ake yi musu, samari a gaba, sarkin samari na raba aiki, mata na kawo ruwa da abinci. Har gobe a Jenne ta ƙasar Mali mutanen gari sukan fito kwansu da kwarkwata sau ɗaya a shekara su yaɓe babban masallacinsu na laka, kuma da wannan ne yake tsaye. Da siminti da kwano suka zo, sai muka ɗauka an sallame mu daga wannan wajibi. Ba a sallame mu ba. Siminti yana jinkirta lalacewa ne kawai, ya ɓoye ta har sai ta yi tsada.

Maƙwabtanmu na Nijar sun taɓa ɗaukar wannan tsohuwar al'ada su mai da ita tsarin ƙasa. A zamanin Janar Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da Samariya a birni da ƙauye, matasa suka riƙa gina azuzuwa, suna share gari, suna shirya wasanni da gasar al'adu. Ba mu manta cewa gwamnatin soja ce ta riƙe linzamin ba, kuma ta yi amfani da Samariya don biyan buƙatarta ta siyasa, shi ya sa da iskar mulki ta sauya ƙarfin ƙungiyar ya ragu. Duk da haka akwai darasi biyu a ciki, kuma suna ja da juna. Matashi yana kula da abin da ya zuba gumi a kansa. Amma abin da aka jingina da mai mulki yakan faɗi ranar da mai mulkin ya tashi.

To alhakin wa ne a nan gida? Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, magudanan ruwa, filaye da wuraren amfanin jama'a. Shekara da shekaru ciyamomi suna fakewa da asusun haɗin gwiwa, suna cewa kuɗinsu yana hannun jiha. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasa, amma ko yaya aka ƙare, abin da muke nema ba ya buƙatar jiran Abuja. Layi ɗaya ne a kasafin kuɗin shekara, mai suna kula da ɗakunan taron jama'a, dabam da layin gini, kuma a karanta shi a zauren kansiloli kowa ya ji. Kasafinmu ya saba da sabon gini saboda sabon gini ake ɗaukar hoto a gabansa. Ba wanda ake yi wa guɗa don ya kwashe masai.

Sai dai ko an sa layin, ba mu ba da shawarar a dogara da shi kacokan ba. Ciyaman yana zuwa yana tafiya. Ɗakin taro yana buƙatar kuɗin shigarsa na kansa, kuma hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masallatai nawa ne a Kano da sauran biranenmu aka jera shaguna a jikin katangarsu, hayar shagunan tana biyan wuta da ruwa da mai shara? Wannan shi ne waƙafi, kuma shari'a ta daɗe da shimfiɗa ƙa'idojinsa: asalin dukiya ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta ne ake kashewa a kan abin da aka keɓe ta dominsa. Duk wanda zai gyara ɗakin taro, ya haɗa da 'yan shaguna a gefen titi, na tela, na mai cajin waya, na mai buga takardu, a rubuta a gaban shaidu cewa hayarsu ta gyaran ɗakin ce. Haka kuɗin hayar ɗakin kansa, na walima, na saukar karatu, na taron ƙungiyoyi masu zaman kansu.

A nan ma akwai tarko, kuma gara a faɗe shi tun da wuri. Da zarar ɗaki ya fara kawo kuɗi, waɗanda aka yi shi dominsu su ne na farkon kora. Ƙungiyar ɗalibai ta zo za ta yi muhawara, a ce mata an ba masu biki. Saboda haka a tsayar da ranaku da sa'o'i na matasa kyauta, a manna jadawalin a ƙofa, kuma kada kuɗin kowa ya ture shi.

Maganar mabuɗi ita ce mai wuya, don a nan son rai ke shiga. In aka bar shi a sakatariya, sai ya zama wanda ya san wani ne ke samu. In aka danƙa wa shugaban matasa ɗaya, gobe ya zama ofishin jam'iyyarsa, kuma ɗan ɗaya ɓangaren ba zai sake taka ƙofar ba. Yankin nan ya san zafin siyasa, ba sai an tuna masa ba. Muna ganin mafita ita ce kwamitin amintattu wanda ƙungiyoyin da ke amfani da ɗakin za su zaɓa da kansu, da wa'adi ƙayyadadde, a ƙara da wakilin hakimi da na ƙaramar hukuma a matsayin masu sa ido, ba masu sa hannu a kuɗi ba. Asusun banki ya zama da sunan ɗakin. Littafin shiga da fita ya kasance a buɗe, a kuma rubuta jimillar kowane wata a allo inda mai wucewa zai gani. Kuɗin jama'a yana son hasken rana. Jam'iyyar da ke son yin taro ta biya haya kamar kowa, ta cire tutocinta in ta gama.

Kuma lallai a sa mata a wannan kwamiti, da kujera ta gaske. Saurayi in bai sami ɗaki ba yana da majalisa, yana da gidan kallon ƙwallo. Budurwa ko matar aure mai ƙuruciya ba ta da ko ɗaya. Ajin ɗinki, karatun manya, bitar ungozoma, taron adashi, duk suna buƙatar wuri mai katanga, mai banɗakin mata na daban da ruwa a ciki, wanda uba ko miji zai yarda a je. Ɗakin da ba shi da wannan ya rufe ƙofa ga rabin matasan gari tun kafin a buɗe shi.

Game da gyaran kansa, a fara daga sama. Rufi, magudanar ruwa, banɗaki, sannan wuta. Fenti ya zo a ƙarshe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya fi ƙarfin ƙungiyar da ke rayuwa da karo-karon mambobinta, don haka sola ita ce hanya, muddin an tanadi keji na ƙarfe ga batura da kuɗin sauya su in sun gaji. A yi gangara a bakin ƙofa saboda masu keken guragu; dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta haka a gine-ginen jama'a. In da hali a keɓe ɗan ɗaki na kwamfutoci. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yanzu akwai yaron ƙauye da ranar jarrabawa ce ranar da ya fara dafa madannai. Wannan zalunci ne da ɗaki ɗaya mai kwamfuta kaɗan zai rage.

Aikin kuma a ba magina da kafintoci da masu walda na garin, da sharaɗin su ɗauki yaran unguwa su koya musu. Kafintan da ke sallah a masallaci ɗaya da masu amfani da ɗakin ba zai iya ɓuya ba in rufinsa ya yi yoyo.

Ba za mu wanke matasa ba. Akwai ƙungiyoyin da ba a jin ɗuriyarsu sai an ji ƙamshin rabon kuɗi. Akwai waɗanda suka dare gida biyu a kan muƙamin ma'aji. Kujerun da suka ɓace ba aljanu suka kwashe ba. Matasan da suka yi fafutukar da ta kai ga dokar rage shekarun takara a 2018, har ɗan shekara 25 ya sami damar neman kujerar majalisar jiha ko ta wakilai, sun ce sun isa a ba su amana. Mun yarda da su. Riƙon littafin kuɗi na ɗakin taro, da fitowa aikin gayya ranar da aka sa, da miƙa mabuɗi lafiya in wa'adi ya cika, nan ne ake fara nuna isar.

Akwai kuma 'ya'yan yankin da Allah ya ɗaukaka. Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu ta ba Jigawa gwamnoni biyu, Ali Sa'adu Birnin Kudu da Sule Lamido. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye manyan mutane, ciki har da Alhaji Aliko Ɗangote, kuma tsofaffin ɗalibanta suna da ƙungiyarsu, BIKOBA. Ga 'yan kasuwa da ma'aikata 'yan Gwaram da Birnin Kudu a Dutse da Kano da Abuja da Legas. Roƙonmu gare su shi ne, wanda zai taimaka ya daina aiko da buhun siminti na rana ɗaya, ya gina shago ɗaya ya yi waƙafinsa. Ladan ya fi daɗewa, amfanin ma haka.

Kada kuma komai ya tsaya a hedikwata. Matasan Sara, Basirka, Fagam da Kila, da na Wurno, Kiyako da Sundimina, ba za su riƙa biyan kuɗin mota don halartar taro ba. A garuruwa irin waɗannan ɗaki mai kyau yana da wani amfanin na daban. A ambaliyar 2022 da ta ɗaiɗaita sassan Jigawa, makarantu aka mayar matsugunin waɗanda gidajensu suka rushe, karatun yara ya tsaya. Ɗakin taro mai rufi da banɗaki da ruwa zai ɗauke wa makaranta wani ɓangare na wannan nauyi.

Muna kira ga ciyamomin Birnin Kudu da Gwaram su tura injiniyoyin sashen ayyuka, tare da dagatai da wakilan ƙungiyoyin matasa, su zaga kowace mazaɓa su rubuta ɗakunan taron da ke akwai, wa ya gina, wa ke riƙe da mabuɗi, me ya lalace, nawa gyaransa zai ci. A manna sakamakon a sakatariya da ƙofar hakimi. A yi wannan zagaye da rani, a kuma hau rufin da ke yoyo kafin ruwan farko na watan Mayu zuwa Yuni.