Tun Ran Gini Ran Zane: A Nuna Wa 'Yan Matanmu Hanya



Makon jiya da la'asar wata yarinya ta yi mini sallama, tana riƙe da takardar sakamakon jarrabawarta ta gama sakandare. Ni na koyar da ita a aji shida na firamare, shekarar da na fara aiki, kuma tun a lokacin ba ta da magana sai ta zama nas. Sakamako ya yi kyau ƙwarai, kiredit bakwai. Muka yi murna, na sa mata albarka. Sa'an nan ta ce, "Malama, so nake ki taimake ni in nemi makarantar koyon aikin jinya."

Na sake duba takardar. Ga Turanci, ga Lissafi, ga Bayoloji, amma babu Kemistiri, babu Fiziks. Ba faɗuwa ta yi ba, ba ta taɓa karanta su ba ne, domin ajin adabi ta yi. Alhali kuwa makarantun jinya da ungozoma suna neman kiredit biyar ne, watau Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, kuma a zaman jarrabawar da bai wuce biyu ba. Da na bayyana mata haka sai ta yi shiru, can ta ce, "Wallahi Malama, ba wanda ya taɓa faɗa mini."

Na tambaye ta yadda aka yi ta shiga ajin adabi. Ta ce ranar da suka shiga babbar sakandare wani malami ya zo da takarda, ya ce masu son kimiyya su koma wannan gefe, masu son adabi da kasuwanci su koma wancan. Ƙawarta ta raɗa mata cewa ajin kimiyya wahala gare shi, sai ta bi ta. Shi ke nan. Abin da aka yanke cikin minti biyar, shi ya rufe mata ƙofar da ta yi shekara da shekaru tana hange.

Iyaye mata, ina so mu fahimci wannan wuri sosai, gama a nan gizo yake saƙa. Tun da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, karatun sakandare ya rabu gida biyu, shekara uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. A shekara ukun farko kowa darussa ɗaya yake yi. Amma da yarinya ta haye babbar sakandare, sai hanya ta rabu, kuma hanyar da ta ɗauka ita za ta faɗi irin karatun da za ta iya nema nan gaba. Mai son aikin likita, hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, za ta jarraba ta ne a Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Mai son aikin lauya kuwa tana bukatar darasin adabin Turanci. Mai son koyarwa ta san cewa yanzu takardar NCE ce mafi ƙanƙanta da hukuma ta yarda a shiga aji da ita. Waɗannan ba asirai ba ne, a rubuce suke. Amma yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ko sha biyar, wadda wataƙila ita ce ta fara kaiwa wannan matsayi a gidansu, ina za ta san su in ba a gaya mata ba?

Abin takaicin shi ne hukuma ta daɗe da sanin wannan matsala. Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ta faɗa a fili cewa yara da yawa ba su san ayyukan da ke gabansu ba, don haka za a sa malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Ko kafin wannan, tun a 1959, malaman wata makarantar 'yan mata a Ibadan, St. Theresa's College, suka gayyato ma'aikata daga waje su zo su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. Daga nan ake lissafin farkon wannan aiki a Nijeriya. Ku lura, a makarantar 'yan mata aka fara shi, kuma ba da wani kuɗi mai yawa ba.

To, yau fa? A makarantun da na sani, in an yi sa'a akwai wani ɗan ɗaki da aka rubuta sunan ofishin shawara a ƙofarsa. Wanda aka ba ofishin yana da darussansa cike da mako kamar kowane malami, ga gyaran takardun yara sun fi ɗari. A wani wurin kuma ɗakin ya zama inda ake kai wadda ta yi laifi, har yara sun ɗauka duk wadda aka gani ta fito daga ciki, to, ta yi wani abin kunya ne. Wace yarinya ce za ta kai kanta can? Balle in namiji ne a zaune. Mun san kunyar 'ya'yanmu. Yarinyar da ba ta iya ɗaga ido ta dubi baffanta, ba za ta zauna gaban malami ta ce masa tana tsoron za a yi mata aure kafin ta gama ba. Don haka a ganina makarantar 'yan mata malama mace ya kamata a ba wannan aiki, a kuma rage mata darussa don ta sami sukunin yinsa.

Ba 'yan matan kaɗai ke hasara ba, mu duka ne. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa zuwa awon ciki ta yi fatan ta tarar da mace ba? Maigida da kansa zai ce shi bai yarda namiji ya duba iyalinsa ba. Madalla. Amma ungozomar nan da likitar nan ba daga sama za su faɗo ba, 'yar wani ce aka sa a ajin kimiyya. Jihar Kano ta gane haka tun a 1977, da ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya kuma aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa. Kuma a 2012, da aka fara wani shiri na ƙara yawan mata ma'aikatan lafiya a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, sai da aka shirya wa 'yan matan karkara karatun share fage na musamman, domin da yawa ba su da kiredit ɗin kimiyya da ake nema. Gyara ne mai kyau, amma da an nuna musu hanya tun daga aji uku, da ba a sha wannan wahala ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce kowace yarinya sai ta yi kimiyya ba. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, wadda ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2012, ta hanyar shari'a ta bi. Akwai kuma iyayen da ke tilasta wa yarinya ajin kimiyya don kawai a ce 'yarsu za ta zama likita, ita kuwa ko jini ta gani sai jiri ya ɗebe ta. Wannan ma kuskure ne, ƙarshensa faɗuwa da baƙin ciki. Wata hannunta a ɗinki yake, wata a lissafin kuɗi, wata a kwamfuta. Aikin mai ba da shawara shi ne ta zauna da yarinya, ta duba sakamakonta na shekara uku, ta ji abin da ranta ke so, ta faɗa mata gaskiya ko da ba daɗi.

Kuma shawarar da za ta yi amfani a wurinmu dole ta taɓo maganar aure, gama ɓoye ta ba ya kawar da ita. Karatun nan shekara nawa ne? Ana iya yinsa daga ɗakin miji? Aikin yana da kwanan dare? Gara yarinya da iyayenta su san amsa tun da wuri, a kuma yi magana da manemi tun kafin a sa rana, da a ce sai ta yi nisa a tsayar da ita.

Ku shugabannin makarantu, ko ba a aiko muku da ƙwararriya ba, me zai hana ku yi abin da aka yi a Ibadan? Kowane gari akwai nas, akwai malamar asibiti mai ba da magani, akwai ma'aikaciyar banki, akwai mai shagon ɗinki da ta yaye yara. A gayyato su rana ɗaya a zangon ƙarshe na aji uku, a kira iyaye mata su ma su zauna su ji. Ma'aikatun Ilmi kuma su cika alkawarin 1977.

Ke kuma uwa, kada ki ce ba ki yi boko ba. Ba sai kin iya karatu za ki tambayi 'yarki, "Wane aji za a sa ki, kuma ina yake kaiwa?" In ta kasa amsawa, ki nemi izinin maigida ki je makarantar, ko ki sa yayarta ko wata malama ta unguwa ta raka ki. Ke 'yar makaranta, matambayi ba ya ɓata. Kafin ki rubuta sunanki a kowane aji, ki nemi wadda take yin aikin da kike sha'awa, ki tambaye ta darussan da ta ci. Ƙawa ba za ta zauna miki jarrabawa ba.

Ita wannan yarinya tawa, mun sami wani malami da zai riƙa koya mata Kemistiri da Fiziks da yamma, don ta zauna jarrabawar 'yan waje. Karatun shekara uku za ta haɗa cikin ɗaya, kuma mahaifinta ya ce shekara ɗayan nan kaɗai ya ba ta. Ƙanwarta tana aji uku bana. Ranar Litinin in Allah ya kai mu, ni da mahaifiyarsu za mu je wurin shugabar makarantar.