Wat Dubu Biyar a Jikin Kwali

Mutanen Zongon Lome sun daɗe suna kashe kuɗi a kan sauti. Tun kafin gidan talabijin na Togo ya fara aiki a 1973, rediyo ce ke haɗa fataken shanu da na goro da gida: a kamo Kaduna, a kamo sashen Hausa na BBC da ya soma tun 1957, a ji halin da duniya ke ciki. Da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari a 1977, aka mai da jama'a can arewa wajen Togblekope, inda yanzu muke kira Agoe-Zongo, iyayenmu sun ce rediyo mai kaset a cinya mai gida ke riƙe ta, ba ya yarda a jefa ta bayan mota tare da tukwane. Kaset ɗin Shata, na Ɗanmaraya, na tafsirin azumi, duk ta lasifika ɗaya ko biyu suke fita, kuma ban taɓa jin wanda ya yi kukan bai gane abin da aka faɗa ba.

A shekarar 1977 ɗin ce fim ɗin Star Wars ya fito a Amurka da tsarin Dolby Stereo, wanda ke raba sauti gida huɗu a zauren silima: hagu, dama, tsakiya da baya. Kamfanin Dolby ya shigo da abin cikin gidaje a 1982, ya ƙara masa lasifikar tsakiya da Pro Logic a 1987. Sai Dolby Digital a 1992, sai abokin gasarsa DTS a 1993 tare da Jurassic Park. Daga nan aka sami abin da ake rubutawa 5.1: lasifika uku a gaba, biyu a gefe, da babbar guda mai fitar da gurnani, wato sabufa. Ampli shi ne uban tafiyar. Shi ke karɓar sautin daga faifai ko talabijin, ya warware shi, ya ba kowace lasifika rabonta da ƙarfin da za ta yi magana.

Mu dai abin bai iso mana sosai ba sai bayan shekarar 2000, lokacin da DVD ya fara ture VCD daga kan teburan masu sayar da faifai. A iya tunawata, kasuwar ta fi tashi ne a 2006, da Togo ta je gasar cin kofin duniya a Jamus karon farko. Duk wanda ya ɗan sami sarari ya gangara kasuwar Dekon ko ta Asigame, ya dawo a bayan zemijan, wato babur ɗin haya, da wani ƙaton kwali a gabansa. A ciki akwai na'urar DVD da ampli a haɗe, da 'yan lasifika biyar da ba su wuce tafin hannu ba, da sabufa mai shuɗiyar fitila. A jikin kwalin kuma an rubuta da manyan baƙaƙe: 3000W, 5000W. Ranar da Mohamed Kader, ɗan Sokode, ya jefa wa Koriya ta Kudu ƙwallo, ihun unguwa da na kwalayen nan suka haɗu har ba a bambancewa. Mun yi murna da kayanmu, kuma murnar ta gaskiya ce.

To, yau ka zaga gidajen nan ka tambayi ina kayan suke. Mafi yawa suna saman wadrob sun sha ƙura, ko yara sun farke lasifikar sun cire maganaɗisun suna wasa. Amma ka leƙa shagon tela ko na aski, za ka iske wani baƙin ampli na Japan, Yamaha ko Pioneer ko Sony, wanda ya girmi kwalayen da shekara goma, yana nan yana aiki tun safe har dare.

Dalilin na gan shi da idona a kan bencin wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin babbar hanya. Wani saurayi ya kawo masa irin na kwalin nan, ya ce ya mutu gaba ɗaya. Dattijon ya kwance kusoshi huɗu, ya ɗaga murfin. Ciki kusan fanko: allo ɗaya siriri, da taransifoma ƙarama da za ka iya rufewa da hannu ɗaya. Ya juya bayan na'urar ya nuna wa yaron 'yar takardar da ke kusa da wayar wuta.

"Karanta min nan, ɗana."

"Wat sittin, Baba."

"To, abin da ke shan wat sittin daga bango, ina zai samo dubu biyar ya ba ka?"

Sai ya jawo wani tsohon ampli daga ƙarƙashin benci ya ce yaron ya ɗaga. Sai da ya sa hannu biyu. Nauyin nan na taransifoma ne da faffaɗan ƙarfen da ke shanye zafi, kuma su ne kuɗin da mutum ke biya.

Haruffa huɗu ne a gefen waccan babbar lamba ta jikin kwali, PMPO, kuma babu wata ƙa'ida da ta ɗaure masu rubuta su. Kowane kamfani na lissafa ta yadda ya ga dama. Lambar da ake dogara da ita ita ce ta RMS, ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa ba tare da yankewa ba, kuma kamfanin kirki yakan faɗi a kan om nawa aka auna, da lasifika nawa ke aiki lokacin awon. Ko a nan ma kada lamba ta ruɗe ka. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ce ƙarar ta ninku. Saboda haka bambancin ampli mai wat 80 da mai wat 100 ba abin da za ka ƙara jaka ashirin a kansa ba ne. A falo irin namu, wat 50 na gaskiya a kowace lasifika ya isa har ya yi saura.

Abin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne tambayar da ba mu yi wa kanmu ba a 2006: me muke kallo? VCD dai sauti biyu yake ɗauke da shi, hagu da dama. Finafinan Kano da muka tashi da su haka suke, kuma galibin shirye-shiryen Hausa da muke bi yau a Arewa24 da YouTube, irin su Daɗin Kowa da Labarina, ta hanya biyu suke iso mana. Haka wa'azi, haka labarai, haka fassarar finafinan Indiya. Ashe lasifikun bayan da muka yi ta ja wa waya ta ƙarƙashin leda, yawancin lokaci ko dai shiru suke, ko suna maimaita abin da na gaba ke faɗa. Abincin kunnenmu magana ce. Bahaushe na kallon fim ne don ya ji yadda uwar miji ta mayar wa suruka martani, ya ji karin maganar da dattijo ya jefa. In kalma ɗaya ta ɓace a cikin rugugin sabufa, an yi asarar fim ɗin.

Shi ya sa nake ganin lasifikar tsakiya, wadda ake ajiyewa daidai ƙarƙashin talabijin, ta fi kowace daraja a gidan Bahaushe. A fim mai 5.1 kusan duk zance ta nan yake fita. A shiri mai sauti biyu kuwa, ampli mai Pro Logic II, wanda ya fito tun shekarar 2000, yana iya tattaro muryar ya kai ta tsakiya. Kowane ampli na kirki kuma yana barin ka ƙara wa tsakiyar desibel biyu ko uku ita kaɗai. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya sayi ampli da lasifika biyu masu kyau, in Allah ya hore ya ƙara ta tsakiya, sabufa da na gefe su biyo baya. Uku masu kyau sun fi biyar na banza nesa ba kusa ba, kuma na kwali ba ya ba ka wannan damar ta ƙarawa sannu a hankali. Ranar da idon DVD ɗinsa ya mutu, komai ya mutu.

Masu shago yanzu 7.1 suke tallatawa, da Dolby Atmos wanda ya fara a silima a 2012. Abubuwa ne masu kyau a inda suka dace. Amma 7.1 na bukatar fili a bayan kujera, mu kuwa kujerunmu a jingine suke da bango. Atmos na son lasifika a silin da fim ɗin da aka shirya dominsa. Ɗakinmu na siminti da tayil, abin da ya fi bukata shi ne kafet da labule mai kauri, don su rage amsa-kuwwar da ke cakuɗa magana. Wannan kuɗin ya fi amfani a can.

Alhamdu lillahi, muna zaune a garin da ke da tashar jiragen ruwa. Tun da aka buɗe ta a 1968 kaya ke sauka, kuma kwantenonin gwanjo daga Turai suna kawo ampli na Denon, Yamaha, Onkyo, Marantz da Pioneer waɗanda masu su suka sauya don kawai sabon yayi ya fito. Nan arahar gaskiya take. Sai dai sayen gwanjo kamar sayen ragon layya ne: ba a saye don jin kukansa, sai an ɗaga, an taɓa, an buɗe baki an duba.

Fara da bayansa. Wutarmu 220 ce. Na Turai mai 230 ya yi daidai, amma na Amurka 120 ne, na cikin Japan 100, kuma in ka soka su kai tsaye hayaƙi za ka gani. Sannan kada ka yarda da gwajin da mai kaya zai yi maka da lasifika ɗaya da kiɗa mai ƙarfi. Ka ce a kunna, ka saurari ɗan ƙaras ɗin da ke biyowa bayan daƙiƙa kaɗan. In ya kashe kansa, ko ya rubuta cewa yana kare kansa, bar shi. Akwai sautin gwaji a cikinsa, wani shuuu da ke zagayawa daga lasifika zuwa lasifika. A jona kowace kafa a ji ta. A gwada kowace ƙofar HDMI da hoto, domin a tsofaffin na'urori wannan ɓangaren ne ke yawan fara lalacewa, gyaransa kuma da wuya. A bar shi yana aiki kamar rabin awa, ka ɗora hannu ka ji zafinsa. Ka leƙa ƙofofin baya ko sun yi tsatsa, don iskar teku ba ta raga wa kayan da suka daɗe a bakin tasha. Kuma ka nemi rimot ɗinsa na asali, saboda saituna da yawa ba a kai musu sai da shi. In an haɗa maka da ɗan makirfon da yake auna ɗaki da shi, ka yi sa'a.

Kada tsufan ampli ya tsorata ka. In talabijin ɗinka sabuwa ce mai 4K, shi kuma bai san wannan ba, jona dikodarka ta Canal+ ko New World TV a jikin talabijin, ka fito da sauti zuwa ampli ta wayar haske, wadda bakinta ke yin ja. Tana ɗaukar Dolby Digital 5.1 lafiya lau. In duka biyun suna da ƙofar da aka rubuta wa ARC, wadda ta zo da HDMI 1.4 a 2009, waya ɗaya ta wadatar. Tarkon da na ga mutane da dama sun faɗa shi ne ɗauko tsofaffin lasifikun kwali a jona wa ampli na gaske. Da yawansu om 3 ko 4 ne, shi kuwa yawanci 6 zuwa 8 yake so, sai ya yi zafi ya riƙa ɗaukewa. Sabufar kwali ma ba ta da injin kanta, alhali ampli na bukatar wadda ake soka wa wuta daban.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda a gidan haya na Zongo bango ɗaya ne tsakaninku. Gurnanin sabufa ba ya tsayawa a ɗaki, ratsa bulo yake yi ya iske tsohuwa mai hawan jini, da jariri, da direban da zai kama hanyar Cinkasse da asuba. Lokacin kwalaye mun ɓata wa juna rai a kan wannan ba kaɗan ba, kuma ba mugunta ce ta jawo ba: muryar ce ba ta fita, sai mutum ya yi ta ƙara ƙara don ya ji zance. Na'ura mai kyau a ƙasa-ƙasa ake gane ta. In ka rage sauti har mai barci a ɗaki na kusa bai motsa ba, kuma kana jin kowace kalma, to ka yi saye. Yawancin ampli suna da saitin dare, wanda ke danne fashe-fashe ya ɗaga magana. Ka nemi mai kaya ya nuna maka inda yake tun kafin ka biya.

Daga kuɗin da ka ware, ka cire na na'urar daidaita wuta tun farko, mai ƙarfin da ya haura abin da aka rubuta a bayan ampli. In hadari ya haɗo ana walƙiya, zare waya daga bango, har da ta eriya. Kada ka kulle shi a cikin kabad mai gilashi, kada ka ɗora dikoda a kan ramukan da yake shan iska, kuma uwargida ta yi haƙuri da kyallen adon da ake rufa wa kaya, a bar masa sarari kamar faɗin hannu a sama. Bayan hunturu a kai shi a hure ƙurar. Waɗanda ke zaune ta ɓangaren da ruwan kogin Zio ke malalowa da damina kuwa, su kafa masa katako a bango daidai ƙirji, su ɗaga wayoyin lasifika daga ƙasa.